Zancen kasuwa: alkakinki ya yi daɗi, amma ina sunanki?

Zancenmu na wannan wata na mata ne, amma maza su kasa kunne. Kuɗin alkaki da na dakuwa su ke sayen gishiri da sabulu a gidaje da yawa, kuma kun sani.

Ga abin da ya kawo zancen. Wasu mata na wani ƙauye cikin ƙasar Dakusa sun haɗa gungu, suna yin alkaki da dakuwa da kantun riɗi. Da can a kasuwar ƙauye suke saidawa, da wajen biki da suna. Da suka ga abin yana tafiya, sai suka sayi leda mai kyau, suka ƙulla goma-goma, suka shiga mota zuwa Damagaram. Suka kai wa wani mai kanti. Ya ɗanɗana, ya ƙara ɗanɗanawa. Ya ce tun rasuwar kakarsa bai ci alkaki irin wannan ba. Amma ya ce ba ya ɗauka.

Suka ce: "Alhaji, tsada ce? A rage maka."

Ya ce: "Kuɗin bai yi yawa ba. Ledar ce babu rubutu. In wani ya saya ya ci, cikinsa ya ɓaci, wa zan nuna? In ma'aikatan tsabta sun shigo sun tambaye ni yaushe aka yi shi, mi zan ce musu?"

Matan suka zaga Kasuwar Dole, suka saida abin da suka samu saidawa da araha, suka koma gida da sauran. Kuɗin mota ya cinye riba. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta yi karatun yaƙi da jahilci, ita ta rubuto mana. Ta ce a gaya musu gaskiya: wulaƙanci ne aka yi musu don su ƴan ƙauye ne, ko kuwa akwai doka?

Ƴar uwa, mun ji zafin asararku. Amma mai kanti yana da gaskiya, kuma za mu faɗi dalili.

A ƙauye, fuskarki ita ce shaidarki. In yarinya ta ɗauko talla, kowa ya san daga gidan wa ta fito. An san turminki, an san rijiyar da kike ɗiban ruwa, an san ko ke mai tsabta ce. In dakuwa ta yi tsami, kafin la'asar an maido miki har gida. To, ranar da kika ƙulle kaya cikin leda, kika ba wani ya saida a birni, kin rabu da su ke nan. Mai saye bai san ki ba. Mai kanti ma sau ɗaya ya gan ki. Ƴar takardar da aka manna bisa leda ita ce za ta tsaya a madadinki, ta amsa tambaya. Ledar da ba ta da takarda kamar tunkiya ce marar shaida a kasuwar dabbobi. Kowa na tsoron saye.

Wannan ƙa'ida ba a Damagaram aka ƙago ta ba. A shekarar 1963, hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta abinci da noma da ta kiwon lafiya, suka kafa wani kwamiti mai suna Codex Alimentarius. Aikinsa shi ne tsara ƙa'idodin abinci da ƙasashe za su yi koyi da su. Nijar na cikin wannan kwamiti, Najeriya ma haka. A shekarar 1985 ya fito da ƙa'idar rubutun da ake yi bisa abincin da aka riga aka ƙulle. Ana yi mata gyara lokaci-lokaci, kuma har yau ita ce madubi. A ƙasarmu akwai hukumar ANMC a Yamai. Ita ke kula da ƙa'idar kaya, da gaskiyar awo, da ba da takardar shaidar inganci. Akwai kuma ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, inda ake auna abinci da ruwa da magani.

Kada hankalin kowa ya tashi. Ƙa'idar ta 1985 tana magana ne bisa abin da aka ƙulle tun kafin mai saye ya zo. Mai tuyar ƙosai a bakin hanya, da mai fanke, da mai waina, da mai fura da nono, ba su cikin wannan lissafi. Su nasu tsabta ce: rufe abinci, wanke hannu, ruwa mai kyau. Zancen takarda na wadda ke son kayanta su kwana a kanti ne, ko su shiga mota zuwa Tanut da Agadas, ko a kai su baje kolin SAHEL da ake yi a Yamai.

To, mi ake rubutawa?

Na fari sunan abin. Alkaki a ce alkaki, dakuwa a ce dakuwa. Wasu na son suna mai daɗi, irin su "Daɗin Kowa". Babu laifi, amma sunan gaskiya ya fito sarai kusa da shi. Sai sunan mai yi, ko sunan gungu, da ƙauye, da lambar waya, da ƙasar da aka yi shi. Sai nauyi. "Guda 10" yana da kyau, amma ƙa'ida tana son garam. In ba ku da sikeli, ku ara wajen mai kanti ko mahauci. Ku auna alkakin shi kaɗai, ban da leda. In kun rubuta garam 250, ya kasance ya kai 250. Gara ya ɗara kaɗan da ya kasa.

Waɗannan ba su da wuya. Wuyar tana wuri biyu: kayan haɗi da kwanan wata. Bari mu zauna a kansu.

Kayan haɗi ana jera su ne bisa nauyi. Wanda ya fi yawa shi ne a gaba, wanda ya fi ƙanƙanta shi ne a ƙarshe. Ga alkaki, alkama ce a gaba. Bayanta sukari da mai, duk wanda ya fi yawa a hannunki shi za ki fara rubutawa. Sannan nono ko tsamiya, sannan kanwa, in kin sa. Ba a ce ki tona asirin sana'arki ba. Ba wanda ya tambayi tiya nawa, ko kwana nawa kike barin kwaɓi ya tashi. Sunayen kawai ake so.

Amma sunayen su zama na gaskiya. Kowa ya san alkakin zuma ya fi na sukari daraja. In da sukari kika yi, kada ki rubuta zuma. In kin gauraya, ki rubuta duka biyu, wanda ya fi yawa a gaba. In da man kanti kika soya, kada ki ce man gyaɗa ne. In nakiyarki babu man shanu, kada ki ambace shi. Maganar baki iska ce, ana iya musunta ta. Rubutu kuwa yana nan, da sunanki a ƙasa, da lambarki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle wadda aka rubuta.

Masu alawa da tuwon madara, ku ma ku ji. In kun sa kala, ku rubuta. Kuma kalar abinci kaɗai ake sa wa abinci. Rinin tufafi da na dukawa na fata ne da zare, ba ya shiga bakin yaro, komai kyawun launinsa.

Wata za ta ce: mi ya sa duk wannan wahala, alhali kowa ya san abin da ke cikin dakuwa? Ba kowa ya sani ba. A Damagaram akwai baƙi, akwai ma'aikata daga wasu jihohi. Kuma ko a cikinmu akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wani abinci. Kun taɓa ganin yaron da in ya ci gyaɗa jikinsa ke yin borin jini, leɓe ya kumbura. Ga wasu abin ya wuce ƙaiƙayi. Maƙogwaro ne ke toshewa, numfashi ya ɗauke. Don haka ƙa'idar duniya ta ware wasu abinci da ba a ɓoye su ko kaɗan ne aka sa. A cikinsu akwai alkama, gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi. Ku duba da kyau. Kusan duk kayan zaƙinmu da waɗannan ake yin su.

A shekarar 2016, wata yarinya ƴar shekara 15 ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na birnin Landan, a Ingila. Jikinta ba ya karɓar riɗi. Ta duba leda, ba ta ga an rubuta riɗi ba, ta ci. Ashe akwai shi cikin kwaɓin. Ciwo ya kama ta cikin jirgi, kuma ba ta tashi ba. Iyayenta ba su yi shiru ba, har aka canza doka. Tun watan Oktoba na 2021, duk abincin da aka ƙulle a shago a Ingila sai an jera kayan haɗinsa duka bisa leda. Riɗin da ya yi sanadin ajalinta irin wanda muke shukawa a gefen gona ne.

Akwai wani abu da mata suka fi ni sani. Turmi ɗaya ne a gida. Da safe an daka gyaɗa, da rana an daka shinkafar nakiya. Ko an goge, saura na maƙale. Kasko ma haka. In haka aikinki yake, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Ana aikin gyaɗa da riɗi a wannan gida." Wanda abin ya shafa zai gane.

Yanzu sai kwanan wata. Ku ɗauko gwangwanin tumatir ko ledar madara ta gari, ku juya. Za ku ga lambobi. Inda aka sa FAB ko PROD, ranar da aka yi abin ce. Inda aka sa EXP, ranar da ya gama aiki ce. Ga yadda ake karantawa a ƙasarmu: rana, sannan wata, sannan shekara. In kun ga 05-11-2025, ana nufin ran 5 ga watan 11, wato Nuwamba, shekarar 2025. Ƙa'ida ta ce abin da ba ya wuce wata 3, dole a sa rana da wata. Abin da ke wuce wata 3, wata da shekara sun isa.

Ranar yi ba ta da gardama. Ranar da kika sauke kasko, ita za ki rubuta. Ranar ƙarewa ce ke sa mutane ƙarya. Wata takan leƙa ledar biskit, ta ga shekara guda, ta kwafa. Wannan kuskure ne babba. Mai biskit yana da injin busarwa da injin rufewa. Ke kuwa da hannu kika ƙulle, kuma iska na shiga.

Ga dabarar da kowace mace za ta iya, ba da ko dala ba. In kin yi tuya, ki ware ƴan ledoji shida ko takwas. Ki ajiye su a ɗaki, inda zafinsa ya yi kama da na kanti. Kowane mako ki buɗe ɗaya. Ki duba, ki sunsuna, ki ɗanɗana. Mai ya fara wari? Fumfuna ta fito? Ya yi laushi, ko tururuwa ta samu hanya? Ki rubuta cikin kaye. Makon da ya fara canzawa, kin san iyakarsa. Sai ki ja baya sosai. In a mako na shida ya canza, ki ba shi mako huɗu. Kuma ki sake gwajin nan a kowane lokaci na shekara. Abin da ya jure a hunturu, lokacin da iska ke bushe, ba lalle ya jure a damina ba. Zafin bazara kuma yana saurin ɓata mai. Nakiya da aka yi da kyau tana daɗewa, shi ya sa ake sa ta cikin garar amarya da guzurin tafiya. Tuwon madara ba ya kai ta. Kowane abu da nasa kwana.

Wannan gwaji na gida ne. Hanci da harshe ba su ganin komai da komai. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba mai cin hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Don haka tsintar gyaɗa tun kafin suya wajibi ne. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko ƙwaro ya huda, a zubar. Gungun da ya yi ƙarfi, yana son shiga manyan kantuna, shi sai ya kai kayansa ɗakin gwaji a auna.

Wani amfanin kwanan wata, kariya ce gare ki. Daga kowace tuya ki ajiye leda ɗaya da takardarta har ranarta ta cika. In an zo an ce alkakinki ya ɓata wa wani ciki, ki tambayi ranar da ke bisa ledar. Ki ɗauko ƴar uwarta. In ita lafiya take, wataƙila a kanti aka bar shi cikin rana. In kuwa ta ɓaci, kin san tuyar da za ki janye, ba sai an zubar da kayanki duka ba. A gungu wannan ya fi muhimmanci, don wake ɗaya ke ɓata gari. Ku rubuta cikin kaye wadda ta yi tuyar kowace rana.

Ga misalin takarda. Ku kwafa, ku canza abin da ya kamata:

ALKAKI
Kayan haɗi: alkama, sukari, man gyaɗa, nono, kanwa
Akwai ALKAMA, GYAƊA da NONO
Nauyi: garam 250
An yi: 05-11-2025
A ci kafin: 03-12-2025
A ajiye a inuwa, wuri busasshe
Mai yi: Wance, ƙauye kaza, Dakusa, Damagaram, Nijar
Waya: ..........

Ranakun nan misali ne kawai. Naku su fito daga gwajinku.

Da wane harshe? Da harshen da mai saye ke ji. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuma harshen aiki. Ku rubuta da Hausa. In akwai ɗan lakwal a gida, ya ƙara Faransanci a ƙasa, don kantunan birni. Mai son ƙara ajami ya ƙara.

Abu ɗaya ne ba a rubutawa: magani. Kada a ce wannan dakuwa tana maganin basir, ko tana ƙara ƙarfi, ko tana sauke hawan jini. Ƙa'idar duniya ta hana a ce abinci yana warkar da cuta. Mai ciwo ya tafi likita.

Masu ƙulla alawa ɗaya-ɗaya za su ce ina wurin duk wannan rubutu? An yi musu sauƙi. Ƙunshin da fuskarsa ba ta kai kamar rabin akwatin ashana ba, an ɗauke masa jera kayan haɗi da kwanan wata. Amma shawararmu, babbar ledar da aka zuba su ciki ta ɗauki takarda cikakkiya.

Batun kuɗi kuwa, ba shi da yawa. Ku rubuta takarda goma bisa falle ɗaya, da hannu mai kyau, ku bar gurbin ranaku. In wani zai shiga birni, ya yi fotokofi. A yanka da almakashi. Ranar tuya a cika ranaku da bik. A ce falle ɗaya dala 10 ne, to kowace takarda ta tashi dala ɗaya ke nan. Takardar a manna ta a waje, ko a sa ta tsakanin leda biyu. Kada tawada ta taɓa abinci, don mai yana narkar da ita. Haka nan kada a naɗe alkaki ko kilishi da takardar buhun siminti, ko da tsohuwar jarida, ko da wannan tamu ce. Mun fi son ku karanta ta.

Tun da mun ambaci leda, makiyaya na da magana a nan. Sun san abin da mahauta ke fiddawa daga tumbin saniya. A shekarar 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana leda marar kauri. Ku nemi leda fara mai kauri wadda aka yi don abinci, ko roba mai murfi da ake iya wankewa a sake aiki da ita.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ake matsa wa. A Amurka ma mata na yin kayan zaƙi a gida suna saidawa. Akwai wani da suke yi: a marmashe kek, a dunƙula kamar dakuwa, a soka masa tsinke, a tsoma cikin cakulan. Kowace jiha da dokarta. A jihar Kalifoniya, tun shekarar 2013 aka yarda mace ta yi irin wannan sana'a a gidanta, in dai abin ba ya bukatar sanyin firji. Amma sai ta yi rajista, ta jera kayan haɗi, ta sa nauyi da suna, kuma ta rubuta sarai cewa a ɗakin girkin gida aka yi shi. Mai saye ya gani, in ya so ya saya. Ni a ganina wannan layi abin koyi ne. "An yi shi a gida, a Dakusa." Mutanen birni da yawa abin da suke nema ke nan.

Masu tunanin ƙetare iyaka ta Magarya ko Matamaye, su sani can akwai hukumar NAFDAC, wadda Najeriya ta kafa a 1993. Abincin da aka ƙulle don kanti sai da lambarta. Wannan mataki ne na gaba. A fara da Damagaram tukuna.

Mahauta da matan makiyaya, ku ma zancen ya iso ƙofarku. A shekarar 2023 aka miƙa wa ƙasarmu takardun kare sunan kilishin Nijar da albasar Galmi, tare da tambarin cukun Nijar da na fatar jar akuyar Maraɗi. An yi haka don kada wani ya yi nasa a wata ƙasa ya laƙaba masa sunanmu. To, kilishi ko cukun da ya fita cikin leda babu rubutu, ta yaya mai saye a Kano ko Kwatano zai san na nan ne? Kilishi kuma da tunkuzar gyaɗa ake yin sa. Wannan ma sai a rubuta.

Wadda hannunta bai faɗa da rubutu ba tukuna, ta ɗauki leda ɗaya ta kai wa malamin yaƙi da jahilci. A yi darasin ranar bisa takardar alkaki: ga haruffa, ga lambobi, ga lissafin kwana. Gungun da ke son ƙarin bayani bisa takardar shaida, ya tambaya a ofishin magajin gari, ko a zauren manoma na jiha a Damagaram.

Matan da suka rubuto mana sun ce sun ware ledojin gwaji, suna buɗe ɗaya kowace Juma'a. In sun gama za su koma wajen mai kantin nan da takarda a manne. Abin da ya ce musu, za ku ji a wannan fili. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, zancen man shanu ne cikin kwalba. Matan rugage su aiko da tambayoyinsu ta hannun malaman karatu.